Kwanon da Malam Bahago Ya Ƙi Ci

Ranar wata Talata da hantsi, a lungun da ke fitar da mu daga gidajenmu na Ƙofar Kibo zuwa bakin titi, tuwo ya faɗo daga cikin rigar Malam Bahago. Ba labari aka ba ni ba. Ina zaune a ƙofar gidana ina wankin huluna, abin ya faru bai fi taku ashirin daga inda nake ba.

Ya fito ne sanye da babbar rigarsa ta Juma'a, hannu ɗaya a ciki, yana bin jikin bango a hankali kamar wanda aka yi wa aiki a asibiti. Sai ga Malam Abubakar Siddiƙ ya kunno kai lungun da sandarsa. Shi wannan tsoho baffan matar Bahago ne, shi ya rene ta, shi ya ba da aurenta, ga shi malami ne da ake ji da shi a Limancin Kona. Irinsa ba a gaishe shi a tsaye, lungun kuma ba shi da wurin kaucewa. Bahago ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Gwiwa ta tokari gindin kwano, murfi ya zame. Miyar kuka ce ta fara sallama, ta biyo wando har idon sawu, sannan malmala guda ta faɗo tim, ta tsaya dab da yatsun tsohon. Murfin kuwa ya gangaro yana kiɗa har gabana, ni na take shi da ƙafa.

Tsohon bai katse gaisuwar ba. Ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, sannan ya nuna tuwon da bakin sanda ya ce, "Wannan girkin 'yata ne?"

Bahago ya ce nata ne.

"Ina za shi?"

Amsar da ya bayar ita ta kusa raba auren shekara ashirin da shida. Amma ba za ku gane ta ba sai kun san mutumin, ni kuwa na san shi tun muna yawo ba wando.

Gidanmu da nasu katanga ɗaya ce. Sunansa na yanka ni kaina sai ranar ɗaurin auren 'yarsa Rukayya na sake jinsa, har na waiga ina neman wanda ake nufi. Tun yana rarrafe da hagu yake miƙa hannu. An buge hannun, an ɗaure shi, kakarsa har barkono ta shafa masa, a ƙarshe aka yi sulhu: ci da dama, gaisuwa da dama, sauran harka da hagu. Da aka kai shi koyon ɗinkin hannu wurin wani ƙanin babansa, sai hannun da ya sha duka ya zama abin alfahari. Zaren Bahago ta wani ɓangare dabam yake kwanciya, ba irin na kowa ba. Dillalan riguna sukan ɗaga rigarsa mai aska takwas su karkata ta a rana, su ce wannan ta mai hagun nan ce. Riga ɗaya takan ci masa wata uku, kuma ba a taɓa dawo masa da aiki ba.

Halinsa ne dai sai haƙuri. Ba ya faɗa, ba ya zagi, ba ya shiga sabgar kowa. Amma yabo ba ya fita daga bakinsa ko da kuskure. Ranar da aka yi mini haihuwar fari na ruga na gaya masa, sai ya ce to, ya ci gaba da zura zare. Idan ka nuna masa sabuwar hula, wurin da zare ya kauce zai fara nuna maka. Idan ka ba shi labarin ban dariya, sai ya jira ka gama ya tambaye ka wace shekara aka yi haka. Ni kuwa Allah ya yi ni da baki, shi ya sa tun muna yara nake tsokanarsa don in ga ranar da fuskar nan za ta motsa. Shekara hamsin da ɗoriya ina wannan aiki ba lada.

Matarsa Sa'ida 'yar gidan malamai ce, ta yi allo ta yi sakandare, tana koyar da yara a wata islamiyya da yamma. Lokacin neman aurenta ni nake raka shi zance, kuma ni nake zancen. Shi sai ya zauna yana kallon takalminsa, in za mu tashi ya ajiye mata rigar matashin kai da ya ɗinka da hannunsa. Sai da ta tara guda shida aka sa rana. Mace mai fara'a da son hira, aka kai ta gidan da agogon bango ya fi maigida magana. 'Ya'ya uku suka cika mata gidan da surutu, to amma 'ya'ya tashi suke yi. Rukayya ta yi aure a Tudun Jukun, Huseina tana Kaduna, Nabil yana makaranta can nesa. Aka bar su su biyu. Matata Barira takan ce in ta kasa kunne ta katanga, ƙarar cokali kawai take ji.

A zauren gidan Bahago ake zaman ɗinki. Su huɗu ne, ni na biyar idan na gama shanya. Mai ɗinki idonsa da hannunsa suna kan aiki, kunne ne ba shi da abin yi, shi ya sa rediyo ba ta hutawa a wurin. Bara sai Jumare, abokin ɗinkinsa tun samartaka, ya zo da wani sabon abu a waya: labaran nan da mata ke rubutawa, wata ta karanta da murya, ana sakin babi ɗaya duk bayan kwana biyu. Da farko mun yi masa dariya, dattijo da furfura yana sauraren labarin mata. Kafin mako ya zagayo mu ne ke tambayarsa ko an saki sabo.

Labarin wani Alhaji Lado ne da matarsa Adama, kuma babu na Allah a cikinsu. Shi Alhaji Lado ba ya duka, ba ya hana abinci. Kawai dai ba ya ganin matar. Ya shigo, ya ci, ya wanke hannu, ya fita, kamar ɗan haya. Ranar da mahaifiyarta ta rasu ya yi mata gaisuwa, bai sauke numfashi ba ya tambayi ina aka ajiye masa buta. Ita Adama kuwa kar ku ce za ku ji tausayinta. Ba ta kuka, ba ta kai ƙara. Sai ta fara taɓa masa kaya kaɗan-kaɗan. Yau ta mayar da agogonsa baya da minti goma ya rasa jam'i, gobe ta sauya wa hularsa ƙusa, jibi ta rantse ya riga ya ci abinci alhali bai ci ba, har mutanen gari suka fara cewa tsufa ya kama Alhaji. Tana kallonsa yana lalube a cikin ɗakinsa, tana jin daɗi. Daga babi na tara kuma ta soma yi masa girki irin wanda bai taɓa ci ba, kullum tana barbaɗa wani abu daga wani ɗan gwangwani, mai labarin kuma ta ƙi faɗin mene ne.

Mukan yi ta gardama a kan wa ya fi wani mugunta. Jumare ya ce in shi ne alƙali, ɗaki ɗaya zai kulle su, hukuncin ya isa. Wani ya ce shi bai taɓa jin labarin da ya tsani kowa a ciki ba sai wannan. Duk da haka, ranar da cajin wayar ya ƙare ana tsakiyar babi, saura kaɗan a ba Jumare kashi.

Ni na fara lura. Alhaji Lado gyaran murya uku yake yi kafin ya shiga gida. Yana shinshina ruwa kafin ya sha. Idan ya fasa goro, a naɗin hularsa yake ajiye rabin. Na ɗaga kai na dubi hular Bahago, ga rabin goro yana leƙe. Na ce jama'a, anya mai labarin nan ba ta taɓa kwana a Ƙofar Kibo ba? Aka yi dariya, ban da shi, amma wannan ba sabon abu ba ne.

Da na koma gida na ba Barira labari, sai ta jingine tsintsiya ta zauna don ta ji daɗin dariya. Ta ce ashe sai yanzu maza suka farga. Sa'ida ce ke rubutawa a wayarta da sunan aro, tana tura wa wata mai karantawa a Funtuwa, kuma matan unguwa sun gane tun babi na biyu. Ta ja mini kunne kar in faɗa. Na yi alkawari, na kuma riƙe shi har wayewar gari.

Na same shi shi kaɗai a zaure, sauran ba su iso ba. Na ce masa, Malam, marubuciyar nan fa ita ke tuƙa maka tuwo. Wallahi wasa na nufa. Na zaci zai ce to. Sai na ga allura ta shige masa ɗan yatsa, jini ya ɗiga a kan farar shadda, shi da ya shekara talatin bai ɓata wa kowa yadi ba. Ranar fuskar ta motsa, kuma ban ji daɗin da na zaci zan ji ba.

Daga nan komai ya zama shaida. Ya shiga gida ya tarar da hularsa a wata ƙusa. Daga baya aka gano tsohuwar ƙusar ce ta zubo da ƙasar bango, amma a lokacin wa zai gaya masa. Miya ta fara zuwa da man shanu, wanda Rukayya ce ta aiko da shi daga dangin mijinta. Ya leƙa kicin, wurin da rabonsa da shi tun yana ango, ya ga gwangwanaye har bakwai a jere. Ya fito tsakar gida ya ga Sa'ida tana danna waya tana murmushi ita kaɗai. Da ya yi mata tambaya ɗaya, da ta warware komai. To amma mutumin da bai saba cewa sannu da aiki ba, ta ina zai fara cewa kashe ni za ki yi?

Mu a lungunmu har yau ba mu bar ciyayya ba. Bayan magariba kowane magidanci yakan fito da kwanon gidansa, a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan Bahago, a jera kwanuka. Ɗaya ake buɗewa, kowa ya sa hannu, in ya ƙare a jawo na gaba. Ƙa'ida kuma mai kwano shi ke fara sa hannu, tun zamanin iyayenmu haka ake yi. Sai Bahago ya tsiri sabon ladabi. Idan an zo kan nasa, sai ya tura shi gabana ya ce, Ɗanjuma, bisimilla, kai ne babba. Mutumin da ya girme ni da wata bakwai, kuma bai taɓa barin in manta ba. Ya juyo mini ɓangaren nama, shi kuma tari ya kama shi, ko ya tashi neman ruwa. Su Jumare ma suna ci, amma ni ya zaɓa don na fi kowa loma. Cikinsa kuwa da tuwon Barira yake cika shi. Duk wanda ya san tuwon Barira ya san ba ƙaramin tsoro ne zai sa mutum ya ƙoshi da shi ba. Allah ya sa kar wannan takarda ta faɗa hannunta.

Na safe da na rana ma ya koma ɗauko su da kansa zuwa zaure, ya ajiye a gabana, shi ya sayi ƙosai a bakin titi. Kafin mako guda wandona ya fara matse ni.

Abin da ya fi ba ni mamaki, ya fara zuwa gaishe ni da safe. Shekara ashirin bai taka ƙofar gidana da sassafe ba sai in rasuwa aka yi. Sai ya tsaya ya dube ni tun daga ido har ƙafa, ya tambaya ko na yi barci, ko ina jin jiri, ko bakina na ɗaci. Na ce a raina, ashe mutumin nan yana ƙaunata, nunawa ce bai iya ba. Har na ba Barira labari cewa tsufa ya fara tausasa shi.

A rana ta tara ya ce in ɗan buɗe ido ya gani ko ya yi rawaya. Ina riƙe da fatar idona da yatsa biyu abin ya faɗo mini.

"Malam, ashe ni ne zakaran gwajin dafi?"

"Kai ka kawo maganar," in ji shi. "Ai ya kamata ka tabbatar da ita."

Na yi fushi sosai. Na rantse ba zan ƙara taɓa kwanonsa ba. Da magariba aka buɗe, sai ga miyar taushe da ƙashin bargo, ƙamshi har ƙarshen lungu. Na ce kwana tara ban mutu ba, Allahn da ya raya ni yana nan.

Lafiyata ba ta kwantar masa da hankali ba. A babi na sha huɗu an ce abin da Adama ke barbaɗawa a hankali yake aiki, kuma ya fi kama ramamme. Shi kuwa siriri ne kamar allurarsa. Jumare yana da wani ɗan'uwa mai suna Zulkiflu da ke aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti, sai Bahago ya yanke shawarar kai masa ɗumamen safe ya duba. Matsalar ita ce, magidanci kamarsa ba zai ratsa unguwa da kwanon tuwo a hannu ba, kafin ya kai titi mutum goma sun tambaye shi wa ke asibiti. Shi ya sa ya sa babbar riga ranar Talata.

To, mun dawo lungu. Tsoho yana tsaye, Bahago yana durƙushe cikin miya.

"Za a kai a duba ne, Allah gafarta Malam."

"A duba me?"

"Ko an sa wani abu."

Bahago bai iya ƙarya ba, wannan ko maƙiyinsa zai shaida. Tsohon ya tsallake tuwon, ya shige gidan, dama ziyarar 'yarsa ce ta kawo shi. Ni kuma na taso na miƙa wa Bahago murfinsa.

Barira, wadda ta riga ta maƙale a katanga, ta ce ba ta ji ihu ba, ba ta ji kuka ba. Sa'ida ta saurari baffanta har ya gama. Ta wanke tukwane, ta share tsakar gida, ta cika randa. Sannan ta jera gwangwanayen nan bakwai a ƙofar ɗakin mijinta, kowanne a buɗe: gishiri, kanwa, daddawa, citta, masoro, kanumfari, garin kuka. Kafin azahar ta bi baffanta zuwa Limancin Kona. Wannan ne karo na farko da ta bar gidan da fushi tun da aka kawo ta, kuma ta ce wa Barira ba ta ga abin da zai dawo da ita ba.

Labari ya tsaya cak a babi na sha shida, daidai inda Alhaji Lado ya ɗaga loma. Masu ɗinki suka juya wa Bahago baya, ba don auren ba, don labarin. Matan unguwa suka juya mini ni. Barira ta daina yi mini magana da baki, sai da kwano, in ta dire shi har maƙwabta sai sun ji. Rukayya ta zo daga Tudun Jukun ta yi kuka ta koma. Shi kuwa yana zaune a zaure, abin da ya ɗinka da safe shi yake warwarewa da yamma. Da magariba ya fito wajen ciyayya hannu rabbana, ya zauna a gefen tabarma kamar baƙo a ƙofar gidansa.

A rana ta huɗu da tafiyarta ya ari wayar Jumare, ya shiga ɗaki tun hantsi ya saurari labarin daga farko shi kaɗai, sallah kawai ke fito da shi. Washegari ya ƙarasa. Na dai lura ya daina gyaran murya in zai shiga gida, tunda ba wanda zai yi wa.

A rana ta shida bayan la'asar muka tafi biko, ni da shi da Jumare. Na so in zame, Bahago ya ce ba inda za ni, tunda na ci abincinta kwana goma sha biyu ina raye, ni ne babbar shaidar cewa ita ke da gaskiya.

Malam Abubakar Siddiƙ yana kan buzunsa cikin littattafai. Ya bar mu a durƙushe har ƙafata ta mutu. Ni na yi magana, na ɗauki laifi, na ce bakina ne ya jawo. Tsohon ya ce ya san bakina tun ina makarantar allo, kafin in gudu. Sannan ya sa aka kira Sa'ida. Ta zauna bayan ƙofar da ke shiga cikin gida, gefen mayafinta kawai muke gani.

Ta yi magana a hankali, ba rawar murya. Ta ce ba don tozarta kowa ta yi rubutu ba. Gida ne ya yi mata shiru, magana ta taru mata a ciki, ta rasa inda za ta zuba. Ta ce ta ari halayen Malam Bahago ne don ba ta da wani mijin da za ta kalla. Ita Adama kuwa ba ita ba ce, mace ce da take jin tsoron zama, in ta rubuta ta sai ta ji ta fita daga jikinta ta samu barci. Ta ce ba ta ji haushi don ya ga kansa a labarin ba, ai madubi ma mutum yake nunawa. Daga nan sai ta ɗan ɗaga murya.

"Baffa, shekara ashirin da shida ina dafa masa. Bai taɓa cewa ya yi daɗi ba, bai taɓa cewa bai yi ba. Ranar da ya fara lura da abin da ke cikin kwanona, ranar ce ya zaci guba ce. Tambayata ɗaya ce. Me ya gani a wurina har ya yarda zan iya?"

Na buɗe baki zan taimaka, Jumare ya mintsine ni a cinya. Bahago yana kallon hannuwansa. Wani ɗan akuya ya leƙo zauren ya koma. Na ce a raina shi ke nan, auren nan ya tafi, don mutumin nan sai ya mutu bai haɗa jimla biyu ba.

"Ban ga komai a wurinki ba," in ji shi. "A wurina na gani. Na saurari mutumin nan tun daga farko har inda kika tsaya. Da ni ne matarsa, da bai kai babi na huɗu ba."

Jumare ya kama tari. Tsohon ya ja gefen rawani ya rufe baki. Daga bayan ƙofa aka ji wani sauti, har yau ban san dariya ce ko kuka ba, sai kuma ƙarar takalmi ta koma ciki. Tsohon ya ce mu tafi, za mu ji.

Ba ta dawo ranar ba, ba ta dawo washegari ba. Bahago ya share tsakar gida da kansa, Barira ta ce ƙurar da ya tayar ta fi wadda ya kwashe. Sai ranar Juma'a da yamma muka ga Sa'ida ta shigo lungu, Rukayya na biye da ita riƙe da jaka. Ta amsa gaisuwar kowa, da ta zo kaina ta ce, Malam Ɗanjuma, an ce ka yi ƙiba, Allah ya ƙara lafiya. Na rasa inda zan sa fuskata.

Ba zan yi muku ƙarya in ce mutumin ya zama maroƙi ba. A ciyayyar farko ya buɗe kwanonsa, ya fara sa hannu kamar yadda ƙa'ida ta ce, ya ci har ya yi gumi. Sannan ya juya wajen ƙofar gida, ya ce da ƙarfin da zai kai tsakar gida, miyar nan ba laifi. Iyakar yabon ke nan, kuma sai da ya huta bayan ya faɗa. An ce kwana uku a jere Sa'ida tana yin wannan miyar.

Yanzu in Barira ta kasa kunne, gardama take ji. Yana gaya mata namiji ba haka yake tunani ba, in yana zargi ba ya duba tukunya, fuska yake dubawa. Ita kuma tana cewa ya tsaya ta rubuta. Labarin ya ƙare a babi na ashirin da biyu. Ba zan gaya muku yadda ya ƙare ba, amma Jumare bai yafe mata ba har yau. Ni kuwa asarata ita ce, kwanon Bahago yanzu can nesa da ni ake ajiye shi, kafin ya iso wurina ƙashi ya rage.

Makon jiya Barira ta shaida mini Sa'ida ta fara sabon labari. Ta sake ja mini kunne, na sake alkawari. Da magariba ana tsakiyar ci, gaban kowa, na ce, "Malam, an ce uwargida ta ɗauki sabon littafi. Mu fara neman likkafani ne, ko wannan karon za a bar mijin da ransa?"

Ya gama tauna lomarsa, ya suɗe yatsa, bai ko dube ni ba.

"Mijin lafiyarsa ƙalau har ƙarshe," in ji shi. "Maƙwabci ne ake tsinta a rijiya tun babi na ɗaya, sauran littafin kuma ana neman wanda ba shi da dalilin jefa shi. Ni nake ba ta bayani."